Rariyar Gidan Gado

Shekarar da naira ta fito muka kama haya a unguwar Kusfa, ni da maigidana da 'yarmu mai rarrafe. Gidan ƙasa ne na gado, wanda 'yan'uwa uku suka kasa rabawa tun rasuwar mahaifinsu.

Rariyar da ke fitar da ruwan wanka da na wanke-wanke zuwa kwatar waje ta ƙarƙashin bangon ɗakinmu ta bi. Da damina ta kankama sai ta rufta daga ciki. Na zura kara, na zura muciya har na karya ta, a banza. Ruwa ya kwanta a tsakar gida, ya yi kore yana wari, gindin bangon kuma ya jiƙe yana zubowa. Jikin bangon nan yarinyata ke kwana. Ko hadari na hango sai in ɗauke ta daga wurin.

Maigidana ya je wurin babban magadan, ya tura shi wurin mai bi masa, shi kuma ya ce ai yayansa ne babba. Autan ne ya faɗi gaskiya.

"Malam, duk wanda ya kawo magini gidan nan, gobe za a ce ya fara cin gado. Ka yi haƙuri."

A ofishin su maigidana da ke unguwar Kongo, inda yake akawu, wani ya yi masa maganar inshora. Da ya bincika aka ce wannan sai mai gida, ba ɗan haya ba, kuma wa ya taɓa jin an yi wa ginin ƙasa? Ya dawo yana ba ni labari kamar ya kawo magani. Raina ya ɓaci, na ce in ba zai iya ba ya ba ni fartanya.

Ranar Asabar ya kawo magini. Aka fasa wurin, aka sa bututu, aka shafe da siminti. Ruwa ya wuce, har na zauna ina kallonsa don daɗi.

Ba a yi mako ba sai ga magadan sun yi sallama, su ukun tare. Kowa na zargin ɗan'uwansa ne ya sa mu, kowa ya rantse, sai laifin ya dawo kanmu: ɗan haya ya fasa bangon marayu ba izini. Babban ya ce mu nemi wani wuri kafin wata ya mutu, sauran suka gyaɗa kai.

Daga bayan ƙofa nake ji, 'yata a goye. Maƙwabciyata ta ce tun da aka binne mahaifinsu ba a taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya ba sai a kanmu.