Abin da Jinin Inna Ya Faɗa

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake. Kunyar ɗan fari ta gada, ta kuma riƙe ta da hannu biyu, ko ido ba ma haɗawa.

Shekarar da zazzaɓi ya ƙi sakinta, ni na ɗauko ta daga Gaffati zuwa asibitin Damagaram. An auna, ba na sauro ba ne. Sai lokotoro ya sa aka ɗibi jininta don wani gwaji da suke kira se-er-pe. Da sakamako ya fito ya ce ya hau ƙwarai. Na tambaye shi sunan cutar.

"Wannan analiz ba ya faɗin suna," in ji shi. "Wani abu ne hanta ke zubawa cikin jini in wani wuri ya kumbura. Hayaƙi muka gani. Ɗakin da wutar take, Inna ce ta sani."

Ya juya gare ta. "Inna, ina ke miki ciwo?"

Ta ja mayafi, ta kafa wa bango ido. "Lafiya lau, ɗan nan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Jikinta kamar garwashi, tana cewa lafiya lau! Tsoro kuma ya kama ni, kada kunya ta kashe mini uwa ina tsaye. Can na gane ni ne matsalar. Na sa takalmina na fita, na zauna gindin bishiyar bedi.

Wata ma'aikaciya ce ta gano shi: ƙaton maruru a ƙarƙashin mama, an shafe shi da kanwa an ɗaure da tsumma. Aka tsaga, aka ba ta magani. Da aka sake gwajin bayan kwanaki, abin ya sauka, zazzaɓin ma ya bi shi.

Na daɗe ina tunanin yadda jininta ya yi mini maganar da bakinta ya hana ni.

Ranar da aka sallame ta, muna jiran mota a tasha, ta dubi ƙanwata da ta rako mu, ba ni ba.

"Ki sayo wa wancan fura," ta ce. "Tun da muka zo bai ci abin kirki ba."