Na Je Madina Duba Ƙibar Yaya

Funtuwa zuwa Kano

Tun kafin kiran assalatu na fito da jakunkunana ƙofar gida. Direban da na yi shata ya yi alkawarin zuwa kafin asuba, amma sai da aka idar da salla gari ya fara haske sannan na hango fitilarsa. Na ce, "Malam, jirgin sama ba motar tasha ba ne da zai jira fasinja su cika." Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, da hantsi muna Kano." Ban kwantar ba. Haka Allah ya yi ni, ko layin burodi na shiga sai na riƙa leƙen gaba.

Umara ce ta fitar da ni, amma da aike a wuyana. A danginmu muna da asusun zumunta, kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa duk wata, a tallafa wa marasa lafiya da matan da mazansu suka rasu. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Madina tun ina saurayi. Ta auri jikan irin mutanenmu da suka je Hajji a ƙasa suka zauna can, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Ana aika mata nata rabon, har ranar da hotonta ya faɗo wayar Kawu Isa, wanda asusun yake hannunsa. A wajen wani biki aka ɗauke ta, ta cika kujera dam, ga faranti a gabanta. Kawu ya zagaya da wayar a zaure yana cewa, "Ku duba min jiki. Wannan ce za a cire daga bakin marayu a aika wa? Ai ita ya kamata ta riƙa aiko mana." Aka yi dariya, aka dakatar da rabonta. Da na ta da jijiyar wuya aka ce tunda za ni, in gano da idona, abin da na dawo na faɗa shi za a yi.

Mun bi ta Malumfashi. A shingen bayan Gwarzo wani jami'i ya sa na buɗe babbar jakar, ya ga alkaki da nakiya da dubulan da gorar zuma, tsarabar da matan gidanmu suka haɗa wa Yaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, da wannan kaya a hannunka ka bushe haka?" Na saba da wannan tsokana, duk Funtuwa an san ni siriri kamar sillen kara. Na miƙa masa alkaki biyu muka wuce.

Jidda zuwa Madina

Jirgi ya sauke mu a Jidda da la'asar sakaliya, muka kwana a masaukin da ejan ya kama mana. Da safe muka hau bas. Tafiya ce mai nisa, ba abin kallo sai duwatsu da rairayi da manyan motoci. Na ƙirga kujeru, na ƙirga tagogi, na tambayi direba saura nawa har ya daina amsa mini.

A tsakiyar hanya aka tsaya cin abinci. Na nemi na mutum ɗaya, aka dire mini tire na shinkafa da rabin kaza da gwangwanin lemo. Na ce wa yaron shagon da hannu mu nawa ne za mu ci, ya nuna ni da yatsa. A gidana wannan tiren zai ciyar da ni da uwargida da baƙo. Na ci gefe guda na tashi, raina yana ce min wataƙila fa Kawu bai yi ƙarya ba.

Harra ta Yamma

'Yar Yaya, Samira, ita ta tare ni a tasha. Tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta da Larabci take fita. Unguwar tasu a kan baƙin dutse aka gina ta, gidajen sun tsufa, nasu a hawa na uku yake kuma babu na'urar hawa. Ni da ba ni da nauyin komai sai da na tsaya na yi haki.

Yaya tana zaune a ƙasa ta jingina da bango. Ta yunƙura za ta tashi, ta kasa, ta sake yunƙurawa, sai ta miƙo hannu biyu ta ce, "Auta, zo nan. Har yanzu matarka ba ta ba ka abinci?" Na durƙusa ta riƙe kaina muka yi kuka. Ta fi hoton ƙiba nesa ba kusa ba. Kafin hawaye ya bushe an shimfiɗa leda an kawo tire wanda ya fi na hanya, shinkafa ja da nama a kai. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata na yi rigima a zaure a banza.

Bayan mun ci na buɗe jakar tsaraba ina jiran yabo. Samira ta dafe kai ta ce, "Ya khali, kawuna, haram alaik! Ummi tana da sukkari, ciwon suga. Wannan duk ba ta ci." Na juya, ashe Yaya har ta kai alkaki baki, ta lumshe ido. Ta ce, "Ƙyale ni, ya binti. Rabona da wannan tun Inna tana da rai." Duk gidanmu babu wanda ya san tana da ciwon. Mata sun yi ta fama da kasko da zuma suna ganin gata suke yi mata.

Washegari na kasa zama wuri ɗaya, na bi Samira kicin. Kwalaye ne jere a jikin bango, waɗanda wata ƙungiyar agaji ta unguwa ke kawo musu duk wata: shinkafa, taliya, sukari, mai, garin fulawa, dabino. Na buɗe firji, ruwa da burodi da guntun shinkafar jiya. Na ce, "Naman jiya fa?" Ta ce ragowar walima ne, akwai masu tattarawa daga ɗakunan biki su raba wa mabuƙata, jiya ta roƙi a ba su mai kyau saboda baƙo. Abin da take samu a shagon ɗinkin abaya kuɗin haya ke cinye shi. Likita ya ce Yaya ta koma ganye da kifi, ta rage shinkafa, amma shinkafar ce kyauta. Da abin da ake aikowa daga gida suke sayen ganyen da maganin ƙafa, tun da ya tsaya suka koma kwali.

Na ce wace ƙafa? Na koma ɗaki, Yaya ta ja zane ta rufe, na janye. Wani gyambo ne a ƙasan babban yatsa, gefensa ya yi baƙi. Na miƙe na zagaya ɗakin na dawo na zauna na sake miƙewa. A gabanta akwai kwanon dabino, na ce, "Wannan kuma fa?" Ta ce, "Dabinon Madina ne, Auta, ai shi magani ne, ba ya cikin lissafi." Haka ragowar walima, in ta yi yawa ba ta yarda a zubar. Wai abincin garin Manzo ne, wa ya isa ya kai shi bola? Sai ta zauna ta cinye.

Al-Awali

Ban iya jayayya da ita ba, sai na nemi abin yi. Wani maƙwabcinsu, Haruna, mutumin Maraɗi da ke aiki a gonar dabino, ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa bayan sallar asuba. Mun ratsa gari muka yi kudu maso gabas, sai ga katangu dogaye da kawunan dabino suna leƙowa. A ƙarƙashin itatuwan ana shuka lalo da kuɓewa da alayyafo, ruwa na bin kwalbati. Sanyin wurin ya tuna mini fadamar bayan garinmu.

Na ce, "Haruna, ga ganye kamar a gida, me ya hana mutanenmu ci?" Ya ce, "Alhaji, na mai mazra'a ne, mai gonar, kasuwa ake kai shi. In ya isa shago, kuɗin ƙulli biyu da kifi ɗaya sai ya saya maka burodin kwana da kwanaki. Talaka a nan ba ramewa yake ba, kumbura yake." Ya yi wa mai gonar magana, aka sayar mini da buhu guda da rangwame. Na san ba zai wuce mako ba zai ƙare ko ya yanƙwane.

Aƙiƙ

Samira ta ce mutanenmu 'yan Najeriya masu karatu da koyarwa a nan su ma suna da ɗan asusun taimako, ta taɓa nema ba a dace ba. Na sa Haruna ya kai ni gidan mai kula da shi, wani Malam Bashir, a unguwar Aƙiƙ. Mutumin kirki ne, ya karɓe ni da gahawa da dabino da wani kek mai zuma. Na faɗi abin da ya kawo ni tun kafin in zauna sosai.

Ya ce, "Wallahi mun san Hajiya. To amma abin kaɗan ne, masu nema da yawa. Akwai ɗalibin da matarsa ta haihu ba su da ko madara. In na tsallake shi na ba wadda kowa ke gani ta fi mu jiki, me zan ce wa jama'a? Wasu ma cewa suke ciwon da mutum ya jawo wa kansa da cokali ba na asusu ba ne."

Na dubi tumbinsa da ya ɗaga jallabiya, na ce, "Malam, kai naka cokalin zaɓa kake yi. Ita abin da aka zuba mata take ci." Da na faɗa na ji kunya, don a gidansa nake, kofinsa ne a hannuna. Ya yi murmushi ya ce zai sake kai maganar gaban 'yan'uwa, amma kada in sa rai. Maganar ɗalibin nan kuwa ta bi ni har mota, don ni ma ban san wanda zan tsallake ba.

Harami

A gida kowa yana cewa Yaya ta more, salla biyar a masallacin Manzo. Daga tagarta ana hango hasumiyoyin. Ana gobe zan wuce Makka na tambaye ta yaushe rabonta da shiga, ta ce tun azumin da ya wuce, matakalar nan ta fi ƙarfinta. Ko bikin da aka ɗauki hoton a hawa na biyu na benen nasu aka yi shi.

Na ce yau sai ta je. Muka aro keken guragu, ni da Haruna da wasu maƙwabta biyu muka sauko da ita a kan kujera, muna hutawa a kowane hawa, tana ta ba mu haƙuri. A farfajiyar masallacin na tura ta a ƙarƙashin manyan laimomin nan har ƙofar mata, inda Samira za ta karɓe ta. Da ta hango koriyar ƙubba ta rufe fuska da mayafi.

Kafin su shiga ta kama hannun rigata ta ce, "Auta, na san abin da aka aiko ka. Don darajar mai wannan masallaci kada ka tona mini asiri a gida. Shekara da shekaru ana cewa 'yar Malam tana Madina cikin daula. Ka bar su a haka. Gara su ce na ƙoshi da su ce ina cin ragowar biki." Na ce, "Yaya, ƙafar fa?" Ta ce, "Ƙafa ta Allah ce." Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Da wannan na yi ɗawafi, da shi na yi safa da marwa, da shi na hau jirgi.

Gida

Mun sauka Kano da sassafe, na iso Funtuwa bayan azahar. Ranar Juma'a aka taru a zauren Kawu. Na raba dabino da zamzam, ana ta sa albarka. Kawu ya gyara zama ya ce, "To, ɗan aike. Ta rame?" Na ce, "Ta ƙara ƙiba." Aka kwashe da dariya, har ya fara cewa magana ta ƙare.

Na ce ba ta ƙare ba. Na faɗi kwalayen, na faɗi ragowar walima, na faɗi matakala da yatsan da ya yi baƙi. Ban rage komai ba, har roƙon da ta yi mini a ƙofar masallaci.  Kawu ya sunkuyar da kai ya ce a mayar mata da rabonta daga wannan watan, a haɗa da na watannin da aka riƙe, a riƙa aika wa Samira kai tsaye don ganye da magani. Ya ce, "Allah ya yafe mana dariyar da muka yi." Kafin magariba labari ya gama gidajen dangi, mata suna ta buga mata waya suna jaje.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Haruna da maƙwabtan da suka ɗauki Yaya a kafaɗarsu, da Malam Bashir da ya haɗiye maganata bai kore ni ba. Samira ta ce gyambon ya fara kamewa, likita ya ce in aka ci gaba a haka ba sai an taɓa yatsan ba.

Duk Juma'a ina kiran lambar Yaya. Samira ce ke ɗauka, mu gaisa, in ce a ba ni ita. Sai in ji muryarta daga gefe, ƙasa ƙasa, tana cewa, "Ki ce masa ina salla."