Ramin da Motar Ƙugiya Ta Haƙa Mini

Har yau ban manta da ranar da anka sauke reshen madacin nan na bakin rijiya ba, kuma zan fara faɗa muku waɗanda ke wurin, don kada gobe wani ya taso ya ce har da shi. Akwai Malam Sahabi, mataimakin shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga. Akwai Heluma Bawa, babban leburori. Akwai Nomau, mai hawan itace da zarto mai inji. Akwai Garba, direban motar ƙugiya, wanda anka aro shi da motarshi daga wani kamfanin aikin hanya. Akwai maigari da mutanenshi, da Buba, Bahillacen da bijimanshi biyu ke jan guga a rijiyar. Sai leburori shida. Sai ni, Ige, mai ban ruwan dashe a gandun renon itatuwa na Bodinga. A jerin ma'aikata ni ce ta ƙarshe, bayana babu kowa sai jakin da ke ɗauko mana taki.

Bazarar shekarar da farar hula sunka sake zaɓe ce, wadda soja sunka karɓi mulki a ƙarshenta. Ku yaran yanzu ba ku san tsuke bakin aljihun wannan lokaci ba. Sabulu ya zama abin ɓoyo. Mai sai an yi layi. In ƙarfen mota ya karye, sai a kwance na wata a ɗaura. Ga shi damina biyu ruwa bai yi kirki ba.

Ƙauyen yana tsakanin Shagari da Dandin Mahe, ba zan faɗi sunanshi ba. Rijiyoyinsu uku ne, biyu sun ƙafe. Wadda ta rage tana ƙarƙashin wani tsohon madaci, ita ke shayar da gari da dabbobin rugage huɗu. Iskar daminar da ta wuce ta tsaga babban reshen madacin daga inda ya rabu da uwa, ya tsaya a saman rijiya, ɗanye shar, kaurinshi mutum biyu ba su iya rungume shi. In iskar farkon damina ta zo, zai faɗa ciki. Rijiyar kuwa ginin dutse da laka ce, ta kakanni. In ta rufta, garin sai tashi.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda ake yi. Itacen da ke fili sara ake yi a bar shi ya faɗi. Wanda ke saman abin da ba a so ya fashe, shi ake kawo wa ƙugiya. Mai hawa ya hau ya ɗaura wa reshen sarƙa, direba ya ja ta miƙe kaɗan, ba da ƙarfi ba. Mai hawa ya yanka ta ƙasa tukuna, sannan ta sama, reshen ya rabu yana rataye. Akwai doguwar igiya a jikinshi da leburori ke riƙewa daga ƙasa don kada ya yi juyi. Sai direba ya juya hannun ƙugiya ya ajiye shi can gefe. Amma kafin duk wannan, motar tana miƙa ƙafafu huɗu na ƙarfe ta dafa ƙasa, kuma ƙarƙashin kowace ƙafa ana shimfiɗa katakai masu kauri, don nauyin ya bazu. Katakan nan su ne aikin. Sauran duk kallo ne.

Doka ce a wurinmu, duk inda za a taɓa babban itace sai an dasa ƙanana. Shi ya sa anka tura ni garin mako uku kafin ranar, da dashen dogon yaro, ina kwana gidan wata 'yar'uwata. Na haƙa ramuka kewaye da rijiya. Arewa da gabas ƙasa ce ta gaske, sai da na jiƙa kafin dagi ya shiga. Amma yamma, tun sara na biyu na fara fito da toka da katangar tukwane da ƙashin dabba. Na zuba bokiti biyu, kafin in juya ruwan ya ɓace. Tsofaffin matan garin sunka ce nan ne anka ɗebi ƙasar ginin masallaci tun suna yara, anka yi ta zuba shara har ramin ya cika. Shanu sun tattake saman ya yi tauri kamar daɓe. Ƙarƙashi kuwa sharar shekara hamsin ce, da ruwan komayen shayar da dabbobi da ke tsiyaya cikinta kullum.

Ranar Laraba da hantsi sunka iso. Motar ƙugiya a gaba, yara na bin ta da gudu, a-kori-kurar ofis a baya, Oga a gidan gaba da hular kwano ruwan ɗorawa wadda ko ƙura ba ta taɓa hawa ba. Bayan a-kori-kurar an rufe shi da tamfol. Ban buɗe ba, amma ina da hanci. Albasa ce, buhu a kan buhu. Oga ya tsaya hanya ya saya da arha, zai wuce da ita birni bayan aiki.

Garba ya sauko ya leƙa bayan a-kori-kurar, ya dubi Heluma.

"Heluma, ina katakaina? Na ce a sa su nan tun jiya."

Heluma ya dubi takalminshi. "An sauke su Bodinga."

"An sauke su? Wa ya sauke?"

"Babu wuri," in ji Heluma, yana satar kallon tamfol.

Oga ya taho yana gyara hula. "Malam direba, mi na na hayaniya? Dubi ƙasag ga." Ya buga dugadugin takalminshi sau uku. "Awa kankare. Katako na damina na. Mun karanta wanga abu."

Sannan ya sa anka kai a-kori-kurar arewa da rijiya, inda inuwa ta fi kauri, daidai bakin turbar da bijiman Buba ke bi in suna jan guga. Albasa ba ta son rana, ta kan yi gumi ta ruɓe. Wato wuri mai ƙarfi ya tafi ga albasa. Gabas akwai katangar masallaci, kudu kuwa gindin madacin ya tare. Motar da ta fi giwa nauyi anka nuna mata yamma.

Na ajiye bokitina na je na durƙusa, don ni ban taɓa yi wa na gaba da ni magana a tsaye ba.

"Ranka shi daɗe, wurin nan rami na. Shara ta cika shi. Na haƙa na gani."

"Wace ce wagga?" ya tambayi Heluma, alhali shekara huɗu yana wuce ni kowace safiya.

"Inna Ige ta, mai ban ruwa."

"To Inna, ga injiniya ya samu. Wace makaranta kika yi karatun ƙasa?"

Leburori sunka yi dariya, irin wadda ake yi don a ga ka yi.

Na ce, "Ban shiga aji ba, ranka shi daɗe. Dagi gare ni. In ka so in ara maka, sara biyu ya isa."

"Koma ga bokitinki, Inna. In mun gama ki share wurin."

Garba ya ji duk abin da na faɗa. Na ga ya tsaya yana duban ƙasar. Ya ce wa Oga a bari a aika Bodinga a kawo katakai. Oga ya ce babu man zuwa da dawowa, kuma kamfani kwana ɗaya ya ba da aron mota, in ya ƙi aiki zai rubuta cewa ya ƙi. A shekarar nan kuwa, wanda anka rubuta wa takarda gida yake tafiya. Garba ya sa anka kwaso ƙyauren wata tsohuwar rumfa da guntayen itace ya cusa ƙarƙashin ƙafafun. Da zai hau ya ce mini a hankali, "Inna, ki janye mata da yara nesa." Na janye su har bayan masallaci. Wata ta yi mini gardama, na ɗaga mata dagi.

Nomau ya hau. Shi ba shi da hular kwano, tsumma ya naɗa. Ya so a datse reshen gida uku, a sauke kaɗan-kaɗan, don ɗanyen madaci ya fi yadda ido ke gani nauyi, kuma in hannun ƙugiya ya miƙe da nisa ƙarfinshi raguwa yake yi. Oga ya dubi agogo ya ce a yi sau ɗaya, yana son shiga birni kafin la'asar.

Zarto ya yi kuka. Reshen ya yi ƙara ya rabu, ya rataya a saman bakin rijiya. Mutanen gari sunka yi kabbara. Oga ya juya wajen maigari yana murmushi, ya buɗe baki zai yi bayani.

Ni ba sama nake kallo ba. Ƙafar gaba ta dama nake kallo. Ƙyauren ya fashe kamar ƙwarya, ƙafar ta nutse cikin ƙasa har toka ta yi sama. Motar ta karkata, tayoyin ɗaya gefen sunka bar ƙasa. Reshen ya sauko da kamu uku, ganyenshi ya shiga bakin rijiya, gindinshi ya bugi gefen ginin, duwatsu biyu sunka faɗa, munka ji ƙararsu can ƙasa.

"Juya! Juya shi gefe!" Oga ke ihu.

"Ba ni iyawa!" in ji Garba daga sama. "In na juya, motar kifewa za ta yi! Saukewa kaɗai nika iyawa!"

Saukewa kuwa cikin rijiya ke nan. Sai dai a ja reshen gefe da igiya tukuna. Leburori shida da Heluma sunka kama sunka ja, samarin gari sunka ƙaru. Reshen ya matsa taki biyu ya dawo. Ƙafar motar tana ƙara shiga a hankali, ina ganinta. Na nemi Oga na gan shi can wajen masallaci cikin matan da na kora, hular a hannunshi.

Buba yana zaune gindin katanga tun safe, ranshi a ɓace, don an hana shi shayar da dabbobi. Bijimanshi na tsaye da karkiya a wuya.

"Buba! Kana kallon rijiyarku za ta tahi? Kawo shanun nan!"

Ya tashi ya karɓi bakin igiyar daga hannun Heluma ya ƙulla inda yake ƙulla igiyar guga, ya yi musu irin kiran da yake yi kullum. Bijiman nan hanya ɗaya sunka sani a duniya, turbar arewa. Sunka sunkuyar da kai sunka bi ta, mutane na ja tare da su. Reshen ya fita daga bakin rijiya, ya bi su, ya bi su, har ya tsaya a saman tamfol.

"Ba nan ba! Ba nan ba!" Oga ya taho a guje.

Garba ya leƙo. "Ranka shi daɗe, nan ko rijiya?"

Maigari ya ɗaga sandarshi. "Sauke, yaro."

Ya sauke. Bayan a-kori-kurar ya zauna ƙasa. Ruwan albasa ya bi turbar shanu. Duk wanda ke wurin sai da ya yi hawaye, amma na Oga sun fi na kowa yawa.

Da nauyi ya bar ta, motar ƙugiya ta koma kan tayoyinta. Sai da anka yi ta haƙa ana cusa duwatsu har bayan la'asar kafin ta zare ƙafarta. Nomau ya sauko, ya zauna ƙasa ya sha ruwan rijiyar moɗa uku. Buba ya kwance igiya ya ɗaura guga ya ci gaba da aikinshi, kamar mu ne munka ɓata mishi lokaci, kuma mu ne.

Kafin su tafi Oga ya rubuta rahoto a kan murfin mota, Heluma ya karanta mini. An ce an kammala aiki cikin nasara bisa jagorancin jami'i. An ce motar ofis ta samu rauni sakamakon laushin ƙasa, wanda ya faru saboda wata lebura ta cika ban ruwa a wurin. Ba a ambaci katako ba. Ba a ambaci albasa ba. Bijiman Buba ma ba su samu shiga ba. Na ce wa Heluma, to madalla, shekara goma sha ɗaya ina aiki, yau sunana ya kusa shiga takarda.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke aikin yanzu da injuna da sunka fi na da: kafin ku ɗaga kai ku dubi itace, ku dubi inda za ku tsaya. Ku tambayi wanda ya haƙa wurin, ko da tsohuwa ce mai bokiti. Ku ƙirga katakanku da hannunku kafin mota ta tashi, kuma in kun ga tamfol a bayan motar ofis, ku ɗaga. Wanda zai hau sama da wanda ke riƙe da sitiyari su ne za su mutu in abu ya ɓaci. Mai farar takarda zai koma gida ya rubuta cewa ƙasa ce ta yi laushi.

Washegari da sassafe na koma bakin rijiya. Magina sun fara gyaran gefen da ya karye, mata na tsintar albasar da ta tsira. Na je yamma na duba ramin da ƙafar motar ta bari. Zurfinshi har ƙuguna, gefenshi a miƙe, ni da dagi sai in kwana biyu ban yi kamarshi ba. Na zuba jar ƙasa da taki, na ɗauko dogon yaron da ya fi ƙarfi cikin waɗanda sunka rage, na dasa, na kewaye shi da ƙaya. Sannan na ɗebo bokiti huɗu na juye mishi, tunda an riga an rubuta cewa na cika ban ruwa.