Akwatin da Ake Ba Ruwa

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen bazara, da misalin ƙarfe biyar na yamma. Mu uku ne a falona a Gyaɗi-Gyaɗi: ni, da yayata, da mijinta wanda duk dangi ke kira Malam. Daga Hotoro suka zo, kuma tun daga yadda Malam ya ƙi taɓa lemon da aka ajiye masa na san ba zumunci kaɗai ya kawo su ba.

Ɗansu na fari ne ya ga yarinya a Tarauni yana so. Ita yarinyar ba a same ta da wani aibu ba. Saura gidansu. Kafin manya su je neman aure, sai an aika wani ya yi bincike, ya ji ko su wane ne iyayen, da abin da ake faɗa a kansu a unguwa. Ni na fi kowa kusa da Tarauni, kuma na riga na yi ritaya daga ɗakin labarai na gidan rediyo, saboda haka ba ni da uzuri.

"Uban ne ba mu sani ba," in ji Malam. "Injiniya ake ce masa. Ya daɗe yana aiki a kudu, bai jima da dawowa ba. Ba mu san da abin da ya dawo ba."

"Kun ji wani abu ne?"

"Ba mu ji komai ba. Shi ya sa muka zo."

Yayata ta ce yaron ya sa abin a ransa sosai, har ya rame. Malam bai kalle ta ba. Ya ce da ni, "In ka dawo ka ce akwai matsala, magana ta mutu a nan. Ba zan haɗa zuri'a da gidan da ake shaye-shaye ko ake bin bokaye ba."

Na fara da maƙwabtan Injiniya. Abin da na ji duk iri ɗaya ne: yana sallah cikin jam'i, ba ya faɗa da kowa, shi ya tsaya aka gyara kwalbatin layinsu. Ban ji daɗin wannan yabon ba. Irinsa ake yi wa kowa idan baƙo ya zo tambaya, musamman in an hango aure a bayan tambayar.

A unguwarmu na ji wata magana daban, a wurin mai cajin batir da ke kan hanyar fita titin Gidan Zu. Na kai masa batirin motata, muna hira, sai na sako sunan Injiniya kamar ba da niyya ba.

"Na Tarauni? Mai farar mota? Ai ina ganinsa a nan. Mutumin kirki ne." Ya goge hannunsa da tsumma. "Sai dai akwatin nan."

"Wane akwati?"

"Yallaɓai, ni batir nake caji. Ba ruwana da gidan mutane."

"Na sani. Wane akwati?"

Ya ce Injiniya yakan zo ya sayi ruwan batir, tataccen nan da ake ƙarawa idan na ciki ya yi ƙasa. Ba mai gubar ba, fari tas, har sai ya sa an nuna masa ba a buɗe jarkar ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne batirin motar Injiniya busasshe ne, irin wanda ba a zuba masa komai. Wata rana ya kasa haƙuri ya tambaya. Injiniya ya ce, "Akwatina zan ba. Ba ya son ruwan famfo."

"Haka ya ce, wallahi. Ba ya son ruwan famfo. Kai ka taɓa jin akwati mai zaɓen ruwa?"

Wani direban adaidaita da ke jiran batirinsa ya matso. Ya ce shi ma ya ji. Wai ba a barin rana ta taɓa akwatin, wai ko matar gidan ba ta buɗe shi. Kuma da kansa ya ga hayaƙi yana tashi daga barandar benen gidan Injiniya gab da magariba, da wani wari wanda ba na sigari ba, ba na turaren wuta ba.

"Ko wiwi ce?" na tambaya.

"Haba Baba. In wiwi ce ai daga kan titi zan gane ta."

"Kai a ina ka san warinta haka?" in ji mai batir.

"A bakin fasinja, mana! Kai ka zaci a ina?"

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Bakuna biyu ne suka ba ni labari, amma da alama daga baki ɗaya ya fito, domin direban a shagon nan yake yini. Ban yarda akwai akwati mai shan ruwa ba. Sai dai kuma mutum mai hankali ba ya sayen ruwan batir haka kawai, kuma hayaƙin wani ya gan shi da idonsa. Na tsaya a kan cewa ko dai tsibbu ne, ko wani abin busawa ne da ba mu san sunansa ba tukuna. Kowanne daga cikinsu ya ishi Malam.

Na koma yin sallar la'asar a masallacin layin su Injiniya, don in gan shi da kyau. Gajere ne, mai furfura, yana tafiya a hankali. Na duba leɓɓansa, na duba idanunsa, na tsaya kusa da shi a sahu ina sauraren numfashinsa. Ban ji warin komai ba sai ƙamshin turare. Wannan ma bai kwantar mini da hankali ba, domin turaren ya yi yawa.

Wata rana ina saka takalmi bayan an idar, sai na ji murya a bayana.

"Kai ne kawun yaron, ko?"

Na ce ni ne.

"Na ga kana ta zagaya layin nan kamar mai karanta mita. Zo mu je gida. Abin da kake tambayar mutane, gara ka tambaye ni."

Bai zaunar da ni a falo ba. Muka hau bene, muka fita wata ƙaramar baranda mai kujeru biyu da teburi. Ya shiga ɗaki ya fito rungume da akwatin, ya ajiye a gabana a hankali kamar mai ajiye kwandon ƙwai.

Na katako ne, mai sheƙi, bai fi girman akwatin rediyon zamanin da ba. Da ya ɗaga murfin, wani ƙamshi ya taso mai kama da na itace da ƙasar da aka yi wa yayyafi. A jikin murfin akwai wani abu kamar agogo mai hannu ɗaya, da ɗan soso a cikin gwangwani. A ƙasa kuma ga su nan a jere, masu launin ruwan ƙasa, kowace ta fi babban yatsana kauri, da ɗan zoben takarda a wuyanta.

"Siga ake ce mata," in ji shi.

"Sigari?"

"A'a. Sigari takarda ce da dusa. Wannan ganye ne zalla."

A Hausarmu siga tana da ma'anarta tun da can, saboda haka a raina na ci gaba da kiranta taba.

Ya ce bai taɓa busa komai ba a rayuwarsa sai da ya ajiye aiki. Wani abokin aikinsa Bature ne ya ba shi ƙunshi ɗaya a matsayin kyautar sallama. Ya kawo Kano ya jefa a durowa ya manta. Da ya tuna da su, zafin garin nan ya busar da su, suna farfashewa a hannu kamar busasshen ganyen kuka. Abin ya ba shi haushi, ba don yana so ya busa ba, sai don an ba shi abu ya lalace a hannunsa. Ya sa aka kawo masa wasu daga Abuja. Su kuma ya naɗe su a jiƙaƙƙen algarara, yadda masu goro suke yi, ya ajiye a gindin randa. Suka yi fumfuna.

"Sai na gane ita ba goro ba ce. Tana son danshi, ba ta son jiƙa. Shi ne aikin akwatin nan. Ka ɗiga wa soson ruwa, allurar agogon nan ta gaya maka ko ya isa. Ruwan famfo yana barin gishiri, ya toshe soson."

"Shi ya sa ruwan batir."

Ya kalle ni. "Ashe har can ka je."

"An ce akwatin naka yana zaɓen ruwa."

"Wa ya ce?"

"Kai ka ce."

Ya kwashe da dariya har yana riƙe teburi. Da ya tsagaita, sai fuskarsa ta canja. Ya ce, "To shi ya sa wasu suka daina ba ni hannu biyu a masallaci."

Ya ɗauki ɗaya, ya datse kanta da wani ɗan almakashi mai rami a tsakiya. Ya ce ta farko da reza ya yanka, ya ɓata ta. Ya kunna ashana, ya riƙa juya bakinta a kan harshen wutar ba tare da ya sa a baki ba, har ta kama. Ya zuƙa, ya riƙe, ya saki. Ya ce ranar da ya fara, haɗiye hayaƙin ya yi kamar yadda yake ganin 'yan sigari suna yi, sai da ya yi amai a kan tayil ɗin nan, Hajiyarsa ta zaci ciwon zuciya ne. Tun ranar ta kafa doka: ban da cikin gida, kuma rigar da ya busa da ita ba ta zuwa masallaci.

Ina zaune ina kallon hayaƙin. Bayaninsa ya hau daidai, amma bayanin da ya hau daidai sosai shi ma abin dubawa ne. Ganyen waje na gani. Ban ga na ciki ba.

"Injiniya, zan iya warware ɗaya?"

Ya dafe murfin akwatin. "Sabuwa?"

"Ko wacce ka ga dama."

Ya tura mini wani guntu da ke cikin faranti, ragowar ta makon da ya wuce. Na warware shi a kan teburi. Ganye ne a kan ganye har tsakiya, da jijiyoyinsa, babu gari, babu ƙwaya, babu kore. Na murza na sansana. Warin da na ji shi ne na ɗakin kakata a ƙauye, inda take rataye ganyen taba a jikin rufi ya bushe kafin ta daka. Wannan ban buƙaci kowa ya fassara mini ba.

"Taba ce," na ce.

"Me za ka je ka ce musu?"

"Abin da na gani."

"To ka faɗa daidai. Ni ba sha nake yi ba. Ba a haɗiye ta. A baki take tsayawa, ka ji ɗanɗanonta, ka fitar."

"Injiniya, a Hausa ko iska shan ta ake yi."

"Kar ka ce musu ina shaye-shaye."

"Ba zan ce ba. Amma in an tambaye ni ko kana shan taba, ba ni da wata kalma."

Ya ajiye tabar a bakin farantin, ya bar ta tana ci ita kaɗai. Ya ce 'yar tasa ba ta taɓa hawowa barandar nan ba, kuma bai ga dalilin da za a hukunta ta a kan abin da tsoho ya ɗauko da rana tsaka ba. Amma ba ni ke yanke hukuncin ba.

Ranar Asabar ta gaba na je Hotoro. Malam yana kan darduma a falo, yayata tana bakin ƙofar kicin. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Akwatin gaskiya ne?"

Ashe ya ji tun kafin su zo wurina. A Hotoro labarin ya fi girma: can akwatin har magana yake yi, kuma ba ruwa kaɗai ake ba shi ba.

"Gaskiya ne."

"Yana ba shi ruwa?"

"Yana ba shi."

Yayata ta saki salati ta zauna a hannun kujera.

"Me ke ciki?"

"Taba."

"Taba da me?"

"Taba kawai. Na warware ta da hannuna."

Malam ya daɗe yana jan carbi. Na san shi shekaru da yawa. Da a ce maganar taba ya fara ji, da tuni ya rufe zancen. Amma ya kwana biyu yana ɗauke da akwati mai magana a ransa, sai taba ta zo masa da sauƙi.

"Yana sha ke nan."

"Ya ce ba ya haɗiyewa."

"Kai me ka gani?"

"Na ga hayaƙi ya shiga bakinsa, na ga ya fito. Inda ya tsaya a tsakani ban gani ba."

"Allah ya shirye shi," in ji Malam. Ya juya wajen yayata. "Ki gaya wa ɗanki, in ya je gaida suruki, a falo zai tsaya. Ban yarda ya hau benen nan ba."

An ɗaura auren bayan babbar sallah, a masallacin layin su Injiniya. Tun daga lokacin bai sake zuwa wurin mai cajin batir ba. A wani kemis a Unguwar Gano yake sayen ruwan yanzu.