Layin da Na Goge Kafin Tafiyar Maraɗi

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a harkar kwamfuta, na shiga aikin sa-kai a wata babbar manhaja, sashen da ke kula da adana fayiloli. Nawa aikin shara ne kawai: in gyara sunan da bai fito sosai ba, in daidaita layuka don mai karatu ya huta.

Wata rana na ga umarni ɗaya an rubuta shi sau biyu: a duba ko fayil yana nan, a kulle shi, a sake dubawa. Na ce wannan ai ɓata wuri ne. Na goge na biyun, na tura. Mai kula da sashen ya ce zai shigar da gyaran ranar Asabar da yamma. Har mahaifiyata sai da na yi wa albishir, ita da ba ta san dawan garin ba.

Asabar ɗin na kama hanyar Maraɗi gaida gwaggona. A shingen iyaka na Magama aka bincike motarmu. Muka ɗan gusa, 'yan Nijar ma suka tsayar da mu. Na ja tsaki.

"Yanzun nan fa aka duba mu!"

Direbanmu, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya ce, "Ɗana, tsakanin shingen can da wanga, mi ka sani? Wani ya sabka, wani ya hau. Motar da anka duba ɗazu ba ita ta iso nan ba."

Nan take na tuna layin da na goge. Tsakanin dubawar farko da kullewa, wani aiki na iya ɗauke fayil ɗin. Bayanan mutanen da ban taɓa gani ba za su lalace, da sunana a kai.

Na zaro waya, babu sabis. La'asar ta kawo jiki.

Na ce wa direba, "Baba, ku tafi kawai."

Na juya da ƙafa, ina ɗaga waya sama. A shingenmu aka sake duba takarduna, wannan karon ban ja tsaki ba. Sai dab da garin Magama saƙon janye gyaran da na rubuta wa mai kula da sashen ya fita.

Amsa ta zo bayan magariba: bai shigar ba tukuna. Ya ce in bar layin, in rubuta bayani a samansa don mai shara na gaba.

Tun daga ranar, in na ga abu an maimaita, sai na tambayi dalili kafin in taɓa. Bayanin nan yana wurin har yau, sunana ne a kai, amma maganar direban ce na kwafa.