Farar Takardar da Barista Ya Bar Mini

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Yuli, ina kan keken ɗinki aka bugo mini cewa ka rasu, Barista. Wai a kan kujerar ofishinka zuciya ta tsaya, tabaraunka na hannu. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Saura kwana goma a zauna shari'ar ƙanena.

Wata takwas ke nan da 'yan sanda suka tare autanmu, direban tasi, suka ciro ƙullin atamfa daga but ɗin motarsa, cikinsa maƙare da ƙwayoyi. Ya rantse bai san da shi ba, amma aka kai shi gidan yari jiran shari'a. Na shiga neman lauya. Na farko ya ce ya amsa laifi kawai a rage masa shekaru. Na biyu takalmina ya kalla, ya ce aiki ya yi masa yawa. Masinjan kotu ne ya ja ni gefe, ya ce, "Baiwar Allah, hau saman shagon masu faci, akwai wani barista a can. Lauyan 'yan ƙwaya ake ce masa, shi kansa dariya yake yi in ya ji."

Na tarar da kai tsakanin fayiloli ɗaure da igiya, fanka na kuka a samanka. Ruwa ka fara ba ni kafin ka tambayi abin da ya kawo ni. Daga ranar, kowace Laraba sai ka je wurin autanmu da maganin asmarsa a aljihu. Da ƙafarka ka bi tashoshi neman wanda ya ga an saka ƙullin.

Kana da wata ɗabi'a: kowane fayil sai ka ɗora farar takarda a samansa. Na tambaye ka, ka ce, "Ƙanwata, ta abin da dangi ba su faɗa mini ba tukuna ce. Ba na matsa wa kowa." Ka ƙwanƙwasa biro a kanta sau biyu, ka canza magana.

Barista, ni na saka ƙullin. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta kawo shi, ta ce atamfa ce, a miƙa mata tasha. Ban kwance ba, na jefa a but da niyyar in faɗa wa auta, mantuwa ta shiga. Matar ta ɓace, ni kuma tsoro ya kama bakina, don ina da 'ya'ya uku. Sau nawa na hau matakalarka da maganar, na sauko da ita.

Da na je gaisuwa, maiɗakinka ta miƙo mini fayil ɗin in kai wa lauyar da za ta ci gaba. A saman farar takardar na ga rubutunka da fensir: "Ta yayarsa. A jira ta." Kwanan watan na ranar da na fara zuwa ne.

Tun daga nan, ko farin yadi na shimfiɗa a tebur sai almakashi ya gagare ni riƙewa. Ina jin ƙarar biron nan a cikin ƙarar keke. Ka sani, kuma ba ka taɓa kallona da wani ido ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri gobe kamar yadda ka rufa mini. Ya bai wa maiɗakinka da 'ya'yanka haƙuri, Ya dubi waɗanda ke gidan yari suna jiran Laraba.

Na kai yarana wurin innarmu. Na cika farar takardar gaba da baya da gaskiyar abin da na yi, na sa hannu. Gobe zan hau matakalar sabuwar lauyar in miƙa mata, Barista. Ka yafe mini jiran.