Ƙafar da Na Karya a Agege

Mu mazan cocinmu mai sujada da Hausa, duk Asabar mukan haɗu a wani fili bayan layin dogo a Agege mu buga ƙwallo. Ni ɗan baya ne. Ran nan a ɗaya ɓangaren akwai wani mutumin Filato, direban motar haya ta danfo mai 'ya'ya uku, gwanin yanka. Sau biyu ya zura ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna, 'yan kallo suna sheƙa dariya. A na uku ban nemi ƙwallo ba, ƙafarsa na nema.

Na ji ƙarar ƙashin, ƙas! Ya faɗi, ko ihu bai yi ba, sai haƙora da ya cije. Aka kwashe shi zuwa asibiti a Idi-Araba, kowa yana cewa tsautsayi ne. Ni na san ba tsautsayi ba ne.

Mako uku ban je duba shi ba. Aka ce yayansa, tsohon soja mai gadi a Ikeja, yana tambayar wanda ya yi ketar. Daga nan ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai in ƙi buɗewa. Na daina bin titin tashar da direban yake aiki. A coci, in an zo roƙon gafara sai bakina ya mutu. Ran jibin Ubangiji aka miƙo mini gurasa, na kasa ɗauka.

Matata ta lura. Ta ce, "Baban yara, abin nan zai kashe ka. Tashi ka je."

Na same shi a gida, kwance kan tabarma, ƙafar a ɗaure har cinya. Ga yayan nasa zaune bakin ƙofa, ƙato, bai ko amsa gaisuwata ba.

"Ɗan'uwa, sai yau?" in ji mai jinyar.

Na durƙusa. Na ce, "Da gangan na yi."

Yayan ya miƙe tsaye. Na runtse ido ina jiran mari.

"Yaya, zauna don Allah," ya ce. Sannan ya dube ni. "Ai na sani. Na ga idonka kafin ka iso. Kwanakin farko roƙon Allah nake ya karya taka, har addu'ar ma ta gagare ni. Sai na tuna abin da Yesu ya yafe mini, ya fi ƙafa. Na yafe maka. Tashi, ƙasan akwai sanyi."

Yayan bai yafe ba a ranar. Ya yi tsaki ya fita, kuma sai da aka shekara kafin ya ba ni hannu.

Mutumin ya koma tuƙi, amma yana ɗingishi, ƙwallo kuwa ta ƙare masa. Shi ya zama kocinmu. Ni na riga na jingine takalmana, sai ya zo har gida ya ce ran Asabar yana so in buga masa baya.

Na shiga fili. Duk wanda ya taho da ƙwallo sai in ja da baya, ina tsoron ƙafata. Aka ci mu biyu ta wajena. Can na ji muryarsa daga gefen fili, yana buga sanda a ƙasa.

"Ɗan'uwa, shiga mana! Ƙwallon za ka ɗauka, shiga!"

Na shiga, na ɗauke ta, ɗan wasan ya wuce da ƙafafunsa lafiya.